Waiwaye: Asalin takaddamar da ake yi kan injinan motocin gudu

A watan Oktoban 2024 kamfanin Ferrari ya bayyana motarsa F80, mai ƙarfin doki 1,200, amma abin da aka fi magana a kansa shi ne cewa injinta mai silinda shida ne kawai, girmansa lita 3, da injinan lantarki da ke taimaka masa. Motoci ukun da suka riƙe wannan matsayi kafin ita, wato F50 da Enzo da LaFerrari, duk masu silinda 12 ne. A shekarar ce kuma Lamborghini ya maye gurbin Huracán mai silinda 10 da Temerario mai takwas, Porsche kuma ya sa injin lantarki da batirinsa a cikin motarsa 911 ta kan titi a karon farko. Masu sha'awar irin waɗannan motoci sun rabu gida biyu: wasu na cewa an cire wa motar ruhi tunda an rage mata silinda da ƙara, wasu na cewa agogon auna gudu ba ya ƙarya. Yawancinsu suna danganta lamarin da dokar da Tarayyar Turai ta amince da ita a 2023 kan hayaƙin sabbin motoci daga 2035, kamar dai jiya aka fara. Alhali kuwa an daɗe ana kan wannan hanya.

Farkon labarin sananne ne. Motar Ferrari ta farko, 125 S ta 1947, injinta mai silinda 12 ne duk da cewa lita ɗaya da rabi ne, Miura ta Lamborghini kuma ta mayar da irin wannan inji bayan direba a 1966. Dokokin hayaƙi na Amurka da tsadar fetur ta 1973 sun sa injiniyoyi neman ƙarfi ta wata hanya, sai aka koma ga tarbo, na'urar da hayaƙin inji ke juyawa domin ta cusa masa ƙarin iska. Porsche ya fara sayar da 911 Turbo a 1975, F40 ta Ferrari ta biyo baya a 1987. Aibin tarbo a lokacin shi ne jinkiri: direba zai taka totur, motar ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ƙarfin ya zo gaba ɗaya. Saboda haka ne injiniyan motoci Gordon Murray ya zaɓi inji mai silinda 12 marar tarbo don McLaren F1 ta 1992. Gardamar yau ke nan, an yi ta tun shekaru talatin da suka wuce.

Daga 2009, lokacin da Turai ta ƙayyade matsakaicin iskar kabon da motocin kowane kamfani za su fitar, sai aka shiga zamanin rage girman inji. Ferrari 458 mai lita 4.5 ta ba da wuri ga 488 mai lita 3.9 da tarbo biyu a 2015, kuma a shekarar ce 911 Carrera ta sauko zuwa lita 3. Dabarar ta yi tasiri a takarda ne saboda yanayin gwajin da ake amfani da shi, mai suna NEDC. Gwajin na ɗaukar kimanin minti 20 a cikin ɗaki, tafiyar kilomita 11, kuma akwai wurin da ake ba mota sakan 26 kafin ta kai gudun kilomita 50 a awa. Motar da aka ƙera don ta wuce kilomita 300 a awa kusan barci take yi a irin wannan gwaji, tarbonta bai ma farka ba, don haka tana shan mai irin na ƙaramin inji.

A nan ne aka zo ga sauyin da ba a cika ambatarsa ba, wanda a ganin mai wannan rubutu ya fi batun 2035 bayyana abin da ake gani yau. A watan Satumban 2017 aka fara aiki da sabon gwaji, WLTP, mai ɗaukar minti 30 da tafiyar kilomita 23 da gudun da ya kai kilomita 131 a awa. Tare da shi aka kawo gwajin kan titi, inda ake ɗaura wa mota na'urar awo a bayanta a fita da ita cikin gari da babbar hanya. An kuma tsaurara iyakar ƙwayoyin toka da aka yarda injin fetur mai fesa mai kai tsaye cikin silinda ya fitar. Babu wanda ya hana silinda 12 ko ya tilasta batir a cikin waɗannan ƙa'idoji. Abin da suka yi shi ne fara auna inji a yanayin da ya fi kusa da yadda ake tuƙa shi.

Fahimtar tasirin haka na buƙatar sanin abin da ke faruwa a cikin ƙaramin inji idan aka matsa masa. Fetur yana ƙonewa sarai ne idan kowane giram ɗaya ya haɗu da kimanin giram 14.7 na iska, kuma a wannan ma'auni ne na'urar tace gubar hayaƙi da ke cikin salansa take aikinta yadda ya kamata. To amma idan aka taka ƙaramin inji mai tarbo har ƙasa, zafin hayaƙinsa yakan doshi digiri 1,000, abin da zai iya lalata tarbon da na'urar tacewar. Maganin da aka daɗe ana amfani da shi shi ne fesa fetur fiye da wanda iskar za ta iya ƙonewa, domin rarar ta sanyaya injin. Wato ana kashe zafi da mai. Tsohon gwajin bai taɓa kai inji wannan matsayi ba, shi ya sa rarar man da tokar da take haifarwa ba su bayyana a alƙaluma ba. Da ma'auni ya canja, sai wannan ƙofa ta fara rufuwa, aka gane cewa rage girman inji yana da iyaka.

Sakamako na farko ya shafi kunne. Tun daga wajajen 2018 aka riƙa sa wa motocin fetur matatar toka a cikin salansa, wadda ke kama ƙwayoyin kuma take shanye wani ɓangare na ƙarar. Da yawa daga cikin masu kukan cewa batir ya kashe sautin mota, tasirin wannan matatar toka suke ji ba su sani ba, domin inji mai batir a gefensa yana iya yin ƙara kamar kowane inji.

Sakamako na biyu ya fi zurfi, kuma 911 GTS ta 2024 ce ta fi nuna shi. Maimakon injinta ya ƙanƙance, sai ya ƙaru daga lita 3 zuwa 3.6, aka cire tarbo biyu aka sa ɗaya babba mai ƙaramin injin lantarki a kan sandarsa, wanda ke juya shi tun kafin hayaƙi ya iso. Kamfanin ya bayyana cewa injin yana riƙe daidaitaccen ma'aunin iska da mai a kowane irin gudu. Batirin motar ƙarami ne, lantarkin da yake ɗauka bai kai kilowat-awa biyu ba, ba a caja shi daga bango, kuma ba don tafiya da lantarki zalla aka sa shi ba. Aikinsa cike giɓin da tarbo ke bari, da maye ƙarfin da a da ake samu ta hanyar ɓarnar mai.

Abin da masu gardamar suka fi mancewa shi ne cewa lantarkin da ake zargi shi ne ya tsawaita ran manyan injina. Inji marar tarbo yana da rauni a ƙananan juyi, injin lantarki kuwa yana ba da ƙarfinsa nan take, don haka suna rufa wa juna asiri. Lamborghini Revuelto ta 2023 ta riƙe silinda 12 da lita 6.5 tare da injinan lantarki uku. Bugatti, wanda ya yi suna da tarbo huɗu tun Veyron ta 2005, ya ajiye su duka a Tourbillon ta 2024, ya koma ga silinda 16 da lita 8.3 da ke juyawa har sau 9,000 a minti, lantarki ya ƙara masa ƙarfin doki 800 a kan 1,000 na fetur.

Farashin wannan mafita shi ne nauyi, kuma a nan ƙorafin masu suka yana da tushe. Revuelto ta kai kilo 1,772 ba tare da mai da ruwa ba, alhali Aventador ta farko da ta gada 1,575 ce. Gordon Murray ya sake bin ra'ayinsa na 1992 a motarsa T.50, mai silinda 12 da ke juyawa sau 12,100 a minti, babu tarbo, nauyinta kuma bai kai kilo 1,000 ba. Guda 100 kacal aka tsara ƙerawa don hawa kan titi, kuma kamfanonin da ke ƙera motoci kaɗan irin haka suna da sassauci a ƙa'idojin iskar kabon na Turai wanda masu sayar da dubban motoci a shekara ba su da irinsa.