Ma'anar "sama'i" a nahawun Larabci

Duk wanda ya zauna a zaure yana karanta Ajuruma ko Alfiyyar Ibnu Malik ya taɓa jin wannan amsa. Ɗalibi zai ce, "Allah gafarta malam, me ya sa ake cewa masjid, alhali ƙa'ida masjad ta bayar?" Malam zai ce, "Wannan sama'i ne." Ɗalibai da yawa kan zaci an kashe musu baki ne, alhali a kan wannan kalma aka gina nahawu kaf.

Asalinta sami'a, wato ya ji. Sama'i shi ne abin da aka ji daga bakin Balaraben da aka yarda da harshensa, ya dace da ƙa'ida ko bai dace ba. Abokin tafiyarsa shi ne ƙiyasi, wato auna abin da ba a ji ba da wanda aka ji. Mu ma muna da irinsa: babu dokar da za ta kai ka daga "sa" zuwa "shanu", sai dai ka ji a bakin masu harshen.

Da Musulunci ya bazu, Larabawa suka cakuɗa da Farisawa da sauran al'ummu a birane irin Basra da Kufa, sai kuskuren da ake kira lahani ya yawaita har a karatun Alƙur'ani. Abul Aswad Addu'ali, wanda ya rasu a shekara ta 69 bayan hijira, ya sa wa rubutu ɗigon wasali. Amma wa za a tambaya don a san daidai? Malamai suka nufi sahara da tawadarsu, wasu kuma suka riƙa tare makiyayan da ke kawo raƙuma kasuwar Mirbad a Basra, suna rubuta abin da ya fito daga bakinsu. An ruwaito cewa Kisa'i, jagoran malaman nahawun Kufa, ya tambayi Khalilu ɗan Ahmad, babban malamin nahawun Basra, inda ya samo iliminsa, ya ce masa daga ƙauyukan Hijaz da Najdu da Tihama. Kisa'i ya tafi can, bai dawo ba sai da ya ƙarar da kwalabe 15 na tawada, ban da abin da ya haddace. Wannan labari yana taɓa ni ƙwarai: babban makarancin Alƙur'ani zaune gaban makiyayin da bai iya rubutu ba, yana ɗaukar darasi.

Ba daga kowa ake karɓa ba. Ƙabilun Ƙaisu da Tamimu da Asad su ne a gaba, sai Huzailu da wani ɓangare na Kinana da Ɗayyi'u. Waɗanda ke maƙwabtaka da Rumawa ko Farisawa, irin Gassan, an ajiye su gefe. An kuma yanka lokaci: Ibrahim ɗan Harma, na ƙarni na 2 bayan hijira, shi ne mawaƙi na ƙarshe da ake kafa hujja da baitinsa. Baitin da aka kafa hujja da shi ana kiransa shahidi, kuma littafin Sibawaihi malamin Basra, Alkitab, yana ɗauke da sama da 1,000.

A nan ne malaman nahawun Basra da na Kufa suka raba hanya. Mutanen Basra sai abu ya yawaita suke gina ƙa'ida a kansa. Abin da ya fanɗare su ce shazzi ne, a kiyaye shi amma kada a yi ƙiyasi da shi. Mutanen Kufa sun fi sassauci, shahidi ɗaya kan ishe su.

Saɓanin ya fito fili a Bagadaza, a majalisar waziri Yahaya Albarmaki. Aka kawo jimlar da ke cewa, na zaci kunama ta fi rina zafin harbi, ashe duk ɗaya ne. Sibawaihi ya ce a Larabci fa'iza huwa hiya kawai ake cewa a ƙarshen jimlar. Kisa'i ya ce fa'iza huwa iyyaha ma ya halatta. Da aka rasa mai raba gardama, sai aka shigo da Larabawan ƙauye da ke bakin ƙofa, suka goyi bayan Kisa'i. Sibawaihi ya koma ƙasar Farisa, bai jima ba ya rasu, wajen shekara ta 180 bayan hijira. Mutanen Basra ba su taɓa yarda da hukuncin ba. Hujjarsu ita ce waɗancan Larabawa sun daɗe a gefen birni, harshensu ya riga ya gurɓata.