Waiwaye: Rariyar da ke cikin kwamfuta da tsakin da take bari a sama

Duk wanda ya tashi a gidan da ake tuƙa tuwo a birnin Kano ya san tankaɗe tun kafin ya san baƙi da wasali. A surfa dawa, a bakace dusa a faifai, a wanke, a kai inji, a dawo a zuba a rariya. Gari ya wuce ƙasa, tsaki ya tsaya a sama. Abin da na fi riƙewa a wannan aiki shi ne ban taɓa ganin Inna ta watsar da abin da ya tsaya a rariya ba. Tsaki na dambu ne ko fate, dusa ta awaki ce. In ma tsakuwa ta tarar, sai ta ɗaga ta duba, ta ce gobe kada a sake awo wajen mai hatsin nan.

Abin da injiniyoyi da masana kwamfuta ke kira tace bayanai bai wuce wannan ba a asalinsa. Duk awon da na'ura ta yi, duk muryar da waya ta ɗauko, duk rubutun da aka kwaso daga intanet, a cakuɗe yake zuwa: ga abin da ake nema, ga kuma baƙon da ya biyo shi ba gayyata, wanda suke kira hayaniya. Fiye da shekara 200 ke nan ana fama da tambaya ɗaya, wato yaya girman idon rariyar zai kasance, kuma wa zai yanke.

Masu duban taurari ne suka fara shan wannan wahala. Ranar 1 ga Janairun 1801 wani ɗan Italiya, Giuseppe Piazzi, ya hango wata 'yar ƙaramar duniya da aka sa wa suna Ceres. Ya bi ta 'yan makonni, sai hasken rana ya ɓoye ta. Awon da ya bari kaɗan ne, kuma ko wanne da ɗan kuskurensa. Carl Friedrich Gauss, Bajamushe mai shekara 24 a lokacin, bai amince da awo ɗaya shi kaɗai ba, bai kuma jefar da ko ɗaya ba. Ya lissafa hanyar da ta fi kusa da dukkansu a haɗe, ya ce a duba wuri kaza. Kafin shekarar ta ƙare aka sake ganin ta kusa da inda ya nuna. Legendre na Faransa ne ya fara buga dabarar rage kuskuren awo a 1805, Gauss ya buga nasa a 1809, kuma har yau ɗalibin injiniya a Jami'ar Bayero da ita yake ja layi a tsakanin ɗigogin awonsa.

Wani Bafaranshen, Joseph Fourier, ya kawo tunani na biyu a 1822: duk wata igiya mai sarƙaƙiya, ta sauti ko ta zafi, tarin ƙananan igiyoyi ne masu sauƙi, kowace da yawan kaɗawarta. Ka tsaya a Ƙofar Kudu ranar hawan Daushe. Iska ɗaya ce ke shiga kunnenka, amma kana rarrabe gurnanin tambari da zaƙin algaita da kirarin maroƙi. Fourier ya nuna ana iya yin wannan rarrabewa da lissafi. In kuwa an rarrabe, ana iya cewa wannan ya wuce, wancan ya tsaya.

Wayar tarho ce ta mayar da lissafin kayan aiki. Shimfiɗa wayar tagulla tsakanin garuruwa tsada gare shi, kamfanoni kuma na so hira da yawa ta bi layi ɗaya ba tare da ta cuɗanya ba. A 1915 George Campbell a Amurka da Karl Willy Wagner a Jamus, ba wanda ya san aikin ɗan'uwansa, suka haɗa matacin lantarki da naɗin waya da ɗan abin nan da masu gyaran rediyo ke kira kafasita. Daga baya aka tsayar da cewa muryar tarho za ta taƙaita tsakanin kaɗawa 300 zuwa 3,400 a daƙiƙa, sauran a yanke. Shi ya sa muryar mutum takan fito siririya a waya, har a kasa bambance S da F. A 1930 wani injiniyan Ingila, Stephen Butterworth, ya tsara matacin da ba ya jirkita abin da ya bari ya wuce, kuma sunansa na nan a littattafan aji uku na sashen lantarki. Dattawan da ke murɗa akwatin rediyo a gajeren zango don kamo BBC, wadda ta fara shirin Hausa a 1957, tankaɗe suke yi da yatsu biyu. Haka direban adaidaita sahu da ya tsaya a 99.5 don jin Freedom: tashoshin Kano duka suna bugun eriyarsa lokaci guda, matacin ne ke cewa ɗaya kawai ta shigo.

Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya canja tambayar. Mai harbo jirgin sama ba inda jirgin yake yanzu yake nema ba, inda zai kasance lokacin da harsashi zai isa yake nema, alhali na'urar hangensa cike take da hayaniya. Andrey Kolmogorov a Rasha a 1941 da Norbert Wiener a Amurka a 1942 suka ɗora tacewa a kan ilimin ƙididdiga. Rahoton Wiener sirrin soja ne, sai 1949 aka buga shi kowa ya gani.

Wanda ya fi burge ni a wannan jerin shi ne Rudolf Kalman, haifaffen Hungari da ya yi aiki a Amurka, wanda ya fitar da dabararsa a 1960. Kwatanta direban da ya tashi daga Kano zuwa Zariya da asuba cikin hazon hunturu. Ya san gudun da yake yi, ya san lokacin da ya baro Kura, don haka zuciyarsa na ce masa Kwanar Dangora ta kusa. Can sai ya hango wani allo dishi-dishi. Ba zai watsar da ƙiyasinsa don allon ba, ba kuma zai rufe ido ga allon ba. In hazon ya yi kauri sai ya fi jingina da ƙiyasi, in gari ya washe sai ya fi yarda da ido, kuma duk bayan ɗan lokaci yana sabunta hukuncinsa. Abin da matacin Kalman ke yi ke nan, sau da yawa a cikin daƙiƙa, ba tare da ya tara tsohon awo ba. Wannan ƙarancin buƙata ne ya sa Stanley Schmidt na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ya ɗauke shi, ya gyara shi, aka sa shi a 'yar kwamfutar kumbon Apollo da ya kai mutane wata a 1969. Yau irinsa na cikin wayar da ka saya a Farm Centre. In ka shiga lungunan Yakasai ko ƙarƙashin gadar Ƙofar Nassarawa, gini ya tare saƙon tauraron ɗan'adam, amma shuɗin ɗigon taswira ya ci gaba da bin ka, ƙiyasi ne ke riƙe da shi kafin awo ya dawo.

Da kwamfuta ta yawaita, rariyar ta tashi daga tagulla ta koma manhaja. A 1965 James Cooley da John Tukey suka buga hanyar yin lissafin Fourier cikin sauri ƙwarai. Tukey ɗin ne kuma ya yayata wata dabara mai sauƙin fahimta. A ce na'urar auna zafi a kan rufin ɗaki cikin Afrilu ta ba da 39, 40, 40, 95, 41. In ka haɗa ka raba biyar za ka samu 51, zafin da ba a yi ba. In ka jera su ka ɗauki na tsakiya, 40 za ka samu. Da wannan ake goge ɗige-ɗigen hoto. A 1970 kuma Burton Bloom ya kawo matacin da ke aiki kamar mai gadi mai ƙaramin littafi: in ya ce sunanka ba ya ciki, tabbas ba ya ciki, in ya ce yana ciki, a ƙara dubawa. Rumbunan bayanai na amfani da shi don kada su yi ta bincike a banza.

A asibiti ma haka ne. Wutar Najeriya na kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan kaɗawa kan shiga na'urar auna bugun zuciya ta ɓata zanen. Akwai mataci na musamman da ke cire wannan gurbin kaɗai. Amma ƙwararru sun san in aka tsananta tacewa, siffar zanen kanta na iya sauyawa, likita ya karanta abin da zuciyar ba ta faɗa ba.

Wannan haɗari shi ne ya sa nake wannan rubutu, kuma labarin da ya fi fito da shi fili na rufin iskar ozon ne, wadda ke kare duniya daga zafafan haskokin rana. A 1985 Joe Farman da Brian Gardiner da Jonathan Shanklin, masu bincike na Birtaniya, suka buga cewa ozon ya yi mummunar raguwa a saman Antatika, bisa awon da suka yi shekaru daga ƙasa. Alhali tun 1978 tauraron Nimbus 7 na NASA ke auna ozon daga sama. An saita manhajar sarrafa awonsa ta riƙa ware duk adadin da ya yi ƙasa sosai a matsayin abin shakka, domin masu tsara ta ba su zaci iska za ta taɓa kai wa can ba. Wato ainihin abin da ya kamata a gani shi rariyar ta tsayar a sama. Abin da ya ceci lamarin shi ne ba a goge ɗanyen awon ba. Da aka koma kansa, sai ga hoton wani rami mai faɗin nahiya a rufin ozon, kuma a 1987 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar Montreal ta rage sinadaran da ke cinye ozon. Duk ɗalibin da ya zo mini da cewa ya cire awon da ya fita daban don zanensa ya yi kyau, wannan labari nake fara ba shi, sannan in tambaye shi inda ya ajiye abin da ya cire.

Zuwan intanet ya sa abin tacewar ya koma maganar mutane. A 1978 wani ɗan talla, Gary Thuerk, ya aika saƙo ɗaya ga mutum kusan 400 a kan ARPANET, kakar intanet, aka fara sanin saƙon banza. Zuwa 1998 masu bincike sun fara amfani da lissafin Thomas Bayes, wanda aka buga tun 1763, wajen ƙirga kalmomin da suka fi yawa a saƙon da mutane suka ƙi, Paul Graham kuma ya yayata hanyar a 2002. Wasiƙun damfarar da duniya ke kira 419 na cikin abin da matatan nan suka koya. Lambar ta sashen dokar laifuffuka ce ta kudancin Najeriya, mu nan Arewa Final Kod muke bi, amma rariya ba ta san wannan ba, kuma ni kaina na taɓa aika takardar neman gurbin karatu ta faɗa kwandon shara don kawai sunan ƙasata da maganar kuɗi sun haɗu a layi ɗaya. A ɓangare guda kuma aka ƙirƙiro tacewa ta haɗin gwiwa, daga manhajar Tapestry ta Xerox a 1992 zuwa gasar dala miliyan 1 da Netflix ya buɗe a 2006: a duba abin da masu kama da kai suka so, a miƙo maka. Da zuriyarta Facebook da TikTok ke zaɓar abin da za ka gani da safe.

Yanzu rariya mafi girma ita ce wadda ake tace rubutun intanet da ita don koyar da ƙirƙirarriyar basira, kuma a nan ne abin ya shafi Hausa kai tsaye. A 2019 masu binciken Google suka haɗa wani rumbun Turanci mai suna C4. Suka jefar da duk layin da bai ƙare da aya ko makamanciyarta ba, da duk shafin da ke ɗauke da kalma ɗaya daga jerin kalmomin batsa. A 2021 wasu suka bi diddigi, suka gano wannan jeri ya fi kwashe rubutun baƙaƙen fatar Amurka fiye da na sauran. A 2022 kuma wata tawaga da ta haɗa da 'yan ƙungiyar Masakhane ta Afirka ta zauna ta karanta samfurin rumbuna 205 na harsuna daban-daban da ido, ta tarar aƙalla 15 ba su da rubutu mai amfani ko kaɗan. Can idon rariya ya yi ƙanƙanta, nan ya yi faɗi, kuma duka biyun marasa ƙarfi ne suka kwana a ciki. Shi ya sa nake ganin girman aikin NaijaSenti na 2022, wanda malaman Jami'ar Bayero ke cikin jagororinsa: masu jin harshen ne suka zauna suka tantance saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Burokan ɗaya bayan ɗaya.

Na ga irin ɓarnar da idona. Na taɓa karɓar tarin rubutun Hausa da aka ce an riga an tsabtace shi. Wanda ya rubuta manhajar ya umarce ta ta cire duk harafin da ba ya cikin abacadan Turanci, sai ƙasa ta koma asa, ɗaki ya koma aki. Wani gyaran da aka yi ya daidaita lanƙwasar, sai baƙi da baki suka zama abu ɗaya, ƙafa da kafa, ɓata da bata. Na tambayi yaron da ya kawo mini ina asalin yake. Ya ce, “Malam, ai an goge, wurin ajiya ne ya cika.” Wata uku muka yi muna sake tarawa.

Tun daga lokacin, duk aikin tacewa da na sa hannu a kai akwai wata ma'ajiya a gefe da na sa wa suna tsaki, inda duk abin da manhaja ta ƙi ke faɗawa tare da dalilin ƙin sa. Duk Asabar bayan la'asar nakan ɗebi layi 100 in karanta. Yawancinsu tallan caca ne da lambobin waya. A makon jiya kuwa na tarar da baitoci 12 na waƙar wa'azi da wani ya buga da ajami. Manhajar ta ga haruffan ta ce Larabci ne, ta duba kalmomin ba ta gane ko ɗaya ba, ta rubuta a gefensu cewa gurɓataccen rubutu ne. Na mayar da su cikin gari, na kuma buɗe wa ajami tasa ƙofar a manhajar.