Sulallan tsohuwar Girka masu ɗauke da hotunan alloli

Sulallan tsohuwar Girka tsabar kuɗi ne na azurfa da zinariya da tagulla waɗanda biranen Girkawa da sarakunansu suka buga tun daga wajen ƙarni na 6 kafin Miladiyya (K.M.) har zuwa lokacin da daular Rum ta haɗiye ƙasashensu. Akasarinsu suna ɗauke da kan wani abin bauta, ko dabbar da ake jingina masa, ko makaminsa. Da yake kowane birni gashin kansa yake ci, kuma Girkawa sun bazu tun daga gaɓar Sifen har zuwa Baƙin Teku, ɗaruruwan garuruwa ne suka buga nasu kuɗin. Masu tara su a yau wasu gari suke bi, wasu kuwa abin bauta guda suke zaɓa su yi ta neman sa a kuɗin garuruwa daban-daban.

Asali

An fara buga tsabar kuɗi a ƙasar Lidiya da biranen Girkawan da ke maƙwabtaka da ita, a yammacin Turkiyya ta yau, mai yiwuwa a ƙarshen ƙarni na 7 K.M. Masana ba su daidaita a kan shekara ba. Na farkon da gaurayen zinariya da azurfa aka yi su, an kuma tono wasu daga cikinsu a harsashin ɗakin bautar allahiya Artemis da ke birnin Afisa a 1904 zuwa 1905. Sarki Kirosus na Lidiya, wanda ya yi mulki a tsakiyar ƙarni na 6, shi ake cewa ya raba ƙarafan biyu, ya buga zallar zinariya daban, zallar azurfa daban.

Dabbobi ne suka fi yawa a kuɗin farko: zaki a Lidiya, kififiya a tsibirin Ejina. Kawunan alloli sai a ƙarshen ƙarni na 6 suka yawaita. Dalilin bai rasa nasaba da tsarin mulki ba. Birnin da ba sarki ke mulkinsa ba ba shi da fuskar mutum guda da zai buga, sai ya ɗauki abin bautar da yake ganin shi ke tsaron garin ya mayar da shi hatimi. Ɗan kasuwa ko bai iya karatu ba, da ya ga hoton ya san garin da ya tsaya wa nauyin azurfar.

Da hannu ake bugawa. Mai sassaƙa ya zana hoto a jikin ƙarfe biyu, a kafe ɗaya a uwar maƙera, a ɗora gutsuren azurfa da aka riga aka auna, a aza ɗayan a kai, a maka masa guduma. Shi ya sa hoton kan karkace ko gefensa ya yanke. Ma'aunin da ya fi shahara shi ne dirakma, wadda ke daidai da obol 6. Mai dirakma 4 ita ce tetiradirakma, mai 10 kuma dekadirakma.

Atena da mujiyar Atina

Babu kuɗin Girka da ya kai na Atina suna. Daga wajen 510 K.M. birnin ya riƙa buga ƙwandala mai dirakma 4, mai nauyin kimanin giram 17.2. A gabanta akwai kan allahiya Atena sanye da kwalkwali, a bayanta mujiya da reshen zaitun da haruffa uku na farkon sunan mutanen garin. Bahaushen da ya saba ɗaukar mujiya a matsayin tsuntsuwar camfi zai yi mamaki, don su Atinawa alamar hikima suka ɗauke ta, har ma kuɗin kansu "mujiyoyi" suke ce musu.

Azurfar daga mahaƙan Lauriyon take fitowa, kudu da birnin, inda bayi ke aikin haƙa. A 483 K.M. aka faɗo kan wata jijiya mai yalwa, shugaba Temistokilis ya shawo kan jama'a aka gina jiragen yaƙi da ribar maimakon a rabe ta, kuma jiragen nan ne suka karya rundunar Farisa a Salamis a 480 K.M. A ƙarshen ƙarni na 5 mai aikin hannu yakan sami dirakma ɗaya a yini, ke nan mujiya guda ladan kwana huɗu ce.

Atinawa sun daɗe ba su taɓa zanen ba. Masu sassaƙansu sun yi nisa a gwaninta, amma Atenar kan kuɗi tana nan da tsohon salonta, fuska ta gefe, ido kuwa kamar ana kallonsa ta gaba, saboda haka fatake suka san ta. An kwaikwaye ta a Masar da Sham da kudancin Arabiya. Da yaƙin Atina da birnin Sifata ya tsananta, a wajen 407 K.M. birnin ya narkar da gumakan zinariya na allahiyar nasara Nike ya buga kuɗi da su. Wata doka ta 375 K.M. ta ajiye bawan hukuma a kasuwa, aikinsa duba azurfa ya ware jabu. Yawancin mujiyoyin da ake gani yau da tsaga a jiki, 'yan kasuwan wancan zamani ne suka sare su don su leƙa ciki. Hoton mujiyar nan ne a bayan yuro ɗaya na Girka tun 2002.

Sauran birane

Koranti ta buga Pegasus, doki mai fukafukai, ɗaya gefen kuma Atena. Elis, mai kula da wasannin Olimpiya, ta sa Zeyus, babban allansu, da gaggafarsa da kibiyar tsawa, wani lokaci kuma matarsa Hera. Afisa ƙudan zuma da barewa ta zaɓa, dukansu na Artemis. Rodos, wadda aka kafa a 408 K.M., ta buga allan rana Heliyos yana fuskantar mai kallo, da furen wardi a baya. A kudancin Italiya, Posidoniya ta nuna allan teku Posedon yana shirin jefa mashi mai baki uku. A Afirka, Kirene da ke Libiya ta yau ta buga Zeyus Amon mai ƙahon rago, tare da tsiron silfiyum da ya arzuta garin, wanda daga baya ya ɓace.

Wajen kyau dai masana sun fi yaba wa na Sisili. Sirakusa ta buga kan Aretusa, aljanar wani marmaro, kifayen dolfin huɗu na kewaye da ita, a ɗaya gefen keken dawaki huɗu da Nike tana miƙa kambi. Masu zanen, irin su Kimon da Yuwainetos, har sunayensu suka sa da ƙananan haruffa a wajen 400 K.M., abin da ba kasafai ake samu ba.

Iskandar da magadansa

Filibus na II na Makidoniya ya sa abin bauta Apolo a zinariyarsa, Zeyus a azurfarsa. Ɗansa Iskandar Mai Girma ya buga jarumi Herakilis da fatar kan zaki, a baya Zeyus zaune riƙe da gaggafa. Aka riƙa buga wannan kuɗi a garuruwa da dama daga Girka har Babila, aka kuma ci gaba da bugawa sama da ƙarni biyu bayan mutuwarsa a 323 K.M. Ko fuskar Herakilis ɗin tasa ce, ana jayayya. Lisimakus, ɗaya daga cikin kwamandojinsa da suka gaje shi, ya fito da Iskandar ɗin ƙarara da ƙahon Amon. Wasu marubuta suna haɗa wannan hoto da batun Zulƙarnaini, amma malaman tafsiri sun saɓa a kan ko wane ne shi. Daga Batlamiyus na I na Masar da tsararrakinsa, sarki mai rai ya karɓe gaban kuɗi, alloli da alamominsu suka koma baya.

Tarihin tarawa

Marubucin Rum Suwetoniyus ya ce Sarki Agustus yakan ba da tsofaffin kuɗi da na ƙasashen waje kyauta a lokacin biki. Tarawa irin ta ilimi ta soma a Italiya a ƙarni na 14, ana kuma yawan ambaton mawaƙi Petarak (1304–1374), ko da yake na Rum ya fi nema. Sarakuna da attajiran Turai suka bi sahu. Wanda ya tsara fannin shi ne Yosef Ekel na Viyana, a littafi mai juzu'i 8 da ya fito tsakanin 1792 da 1798, inda ya jera kuɗin Girka bisa yankunan ƙasa, tsarin da gidajen tarihi ke bi har yau. An kafa gidan tarihin kuɗi na Atina a 1834, ƙungiyar masana tsabar kuɗi ta Landan a 1836, ta Amurka a 1858. Gidan Tarihin Birtaniya ya fara wallafa kundin kuɗinsa na Girka a 1873.

Jabu ta biyo kasuwa. Bajamushe Karl Beka (1772–1830) ya sassaƙa ƙarafan bugu da hannunsa, ayyukansa suka shiga manyan taskoki, yanzu su ma tara su ake yi. Masu saye sukan auna nauyi, su duba gefe ko akwai layin zubi, su kwatanta da wasu da aka buga da ƙarfe ɗaya.

Kasuwa da doka

Ƙananan tagulla da suka goge ba su da tsada. Kuɗin zinariya na Pantikapayon da ke Kirimiya, mai kan wani aljanin daji, an sayar da shi a gwanjo a Zurik a 2023 a kan kusan dala miliyan 6.

Tushen kaya shi ne abin rigima. Masu binciken tarihi sun ce kasuwar na ƙarfafa tonon sata, dillalai kuma sun ce kuɗin tun asali yawo suke yi tsakanin ƙasashe. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 kan hana safarar kayan tarihi ta haramtacciyar hanya ita ce ma'aunin da aka fi bi, Amurka kuma ta taƙaita shigo da wasu kuɗin Saifurus daga 2007, na Italiya da Girka daga 2011. Tarin da aka tono a Elmali ta Turkiyya a 1984, kimanin sulalla 1,900 har da dekadirakmar Atina 14, an fitar da shi a ɓoye, sai a 1999 aka mayar wa Turkiyya akasarinsa bayan doguwar shari'a a Amurka.