Maɓallin Dannawa a Cikin Mota: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ake Ƙera Shi

Yawancin direbobin da ke zirga-zirga tsakanin Damagaram da Maraɗi, ko masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ba sa tunawa da maɓallan da ke gabansu sai ranar da ɗaya ya ƙi aiki. Ga wasu daga cikin tambayoyin da kan taso a garejojin gari.

Me ke cikin maɓallin?

Akwai murfin da yatsa ke taɓawa, wanda aka yi da roba mai tauri, sai ɗan sandan da ke isar da matsin zuwa ƙasa, da abin da ke mayar da murfin sama, da kuma ƙananan ƙarafa biyu da ke haɗuwa don lantarki ya wuce. Dukkansu suna cikin wani gida mai kwarkwaro a gefe, domin ko an danna maɓallin ta kusurwa ya sauka a miƙe ba tare da ya maƙale ba.

Me ya sa wani yake dawowa da kansa, wani kuma yake zama a ƙasa?

Maɓallin oda dole ya saki da zarar an ɗauke hannu, saboda haka sifirin kawai aka sa masa. Na fitilun gargaɗi kuwa, wato jan nan mai alamar kusurwa uku, a motoci da yawa yana kamewa har sai an sake danna shi. A jikin sandansa an sassaƙa wata ƴar hanya mai siffar zuciya, kuma akwai siririn ƙarfe da bakinsa ke bin ta. Dannawar farko tana kai bakin ƙarfen cikin lungun da ke saman zuciyar, ya tsaya can ya riƙe sandan, ta biyu kuma tana fitar da shi ta ɗaya gefen ya koma inda ya fito. An bambanta zurfin hanyar mataki-mataki don kada ƙarfen ya koma da baya. Duk wanda ya saba da biron da ake dannawa ta kai ya san wannan aiki a hannunsa. Idan irin wannan maɓalli ya daina kamewa, galibi lungun ne ya cinye ko ƙarfen ya lanƙwashe, ba laifin wayoyi ba ne.

Daga ina ƙarar "ƙas" take fitowa, kuma mene ne amfaninta?

Wannan gaɓa ce da masu ƙira ke ɓata wa lokaci. A ƙarƙashin maɓallan zamani ana sa ɗan faifan ƙarfe mai tudu a tsakiya, wanda ke turjewa yayin da ake matsa shi, har matsin ya kai wani mizani, sai ya lotsa gaba ɗaya a lokaci guda, tafiyar da sau da yawa ba ta kai rabin milimita ba. Wasu kamfanoni sun fi son tudun robar silikon mai ɗigon baƙin kabon a cikinsa, wanda tafiyarsa ta fi tsawo kuma ƙararsa ba ta kai ta ƙarfen ba.

Amfanin biyu ne. Yatsa yana sanar da direba cewa umarni ya shiga ba tare da ya ɗauke ido daga hanya ba, abin da ke da muhimmanci ga mai ratsa cunkoson Kasuwar Dole tsakanin babura da amalanke. Na biyu, haɗuwa da rabuwa cikin sauri suna rage tartsatsin da ke ƙona ƙarafan. Duk da haka ƙarafan sukan yi ƴar tsalle-tsalle na wani ɗan ɓangare na daƙiƙa kafin su zauna, shi ya sa aka tsara kwamfutar mota ta ɗan jira kafin ta karanta saƙon, don kada ta ɗauki dannawa ɗaya a matsayin uku. A ganina, allon shafawa bai kai maɓalli ba a wannan fanni, kuma hukumar Euro NCAP, mai auna lafiyar motoci a Turai, ta sanya samun maɓallai na zahiri ga abubuwa irin su oda da sigina da fitilun gargaɗi cikin ma'auninta daga shekarar 2026.

Ta yaya ɗan ƙaramin maɓalli ke tayar da inji?

Ba shi ke ɗaukar nauyin ba. Batirin mota na bolt 12 ne, amma sitata tana jan lantarkin da ya wuce amfiya 100, wanda zai narkar da maɓalli nan take. Aikin maɓallin shi ne aika ɗan saƙo ga kwamfuta, ita kuma ta tabbatar cewa makullin yana cikin motar ta hanyar igiyar rediyo, ta tabbatar an taka birki, sannan ta buɗe wa rile, wato maɓallin da lantarki ke kunnawa mai iya ɗaukar wuta mai ƙarfi, hanya ya kai wuta ga sitata. Abin ba sabo ba ne ƙwarai: tun da Cadillac ta fito da sitata mai lantarki a 1912, motoci da dama da maɓalli ko abin takawa ake tayar da su, kafin murɗa makulli ya zama ruwan dare bayan 1949. Ya kamata direba ya san cewa idan mota tana tafiya, taɓawa ɗaya ba ta kashe inji. A motoci da yawa sai an riƙe maɓallin daƙiƙa biyu zuwa uku.

Me ya sa suke saurin lalacewa a nan?

Akan gwada kayan cikin mota daga sanyin digiri 40 ƙasa da sifili zuwa zafin digiri 85, don haka zafin watan Afrilu da Mayu ba ya kashe maɓalli farat ɗaya, sai dai yana busar da roba a hankali har ta fara tsagewa. Babban abokin gaba shi ne ƙurar hunturu. Tana shiga ta gefen murfi, ta cakuɗe da ɗan man da masana'anta ta shafa wa sandan, ta zama abin goge da ke cin kwarkwaron da lungun zuciyar. Maɓallan da ke waje, kamar na buɗe but, ana rufe su da roba, kuma wanda aka rubuta wa IP67 ƙura ba ta shigarsa, yana kuma jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita 1 na minti 30. Na cikin mota kuwa mafi yawansu ba su da wannan kariya, ga shi motocin da ke iso mana sun riga sun yi shekaru a hannun wasu.

Idan ya fara gardama, gyara ya fi ko sauyawa?

Ya danganta da inda ciwon yake. Idan datti ne, mai wayarin zai iya cire maɓallin bayan ya kwance kan batir, ya hure shi da iska, ya wanke ƙarafan da ruwan da aka yi domin haka, wanda ke bushewa ba ya barin maiƙo. Fesa man inji kuskure ne, domin ƙura yake tarawa. Goga ƙarafan da sanfefa ya fi wannan muni, saboda fuskarsu tana da siririn shafe na azurfa, ko na zinari a maɓallan da ke ɗaukar ƙaramin saƙo, kuma da zarar an kankare shi sai jan ƙarfen da ke ƙasa ya yi baƙi cikin ƴan makonni. Idan faifan ya daina ƙara ko sandan ya karye, sai dai a nemi wani mai lamba iri ɗaya, domin maɓallai biyu na iya kama da juna a fuska alhali tsarin ƙafafunsu ya bambanta. Haɗa waya kai tsaye don tsallake maɓallin kuwa yakan tsallake fis ma, kuma ta nan gobara ke kama mota.