Mece ce "kalmar kallo ɗaya" a karatun yara?

Ranar wata Asabar 'yar ƙanwata, mai shekara shida, ta shigo gidanmu a Yelwa ta zazzage katuna a kan tabarma. Daga kwalin taliya aka yanko su, kowanne da kalmar Turanci ɗaya. Ta ce, "Kawu, Anti ta ce mu haddace sait wods kafin Litinin." Uwarta ta harare ta, don ta ɗauka wani sabon littafi ne za a ce a kawo kuɗinsa.

Ba littafi ba ne. Abin da malaman makarantun kuɗi ke kira haka, in muka sa masa rigar Hausa, shi ne kalmar kallo ɗaya: kalmar da ido ke sauka a kanta baki ya faɗe ta nan take, ba tare da an tsaya ana ƙirga haruffa ba. Kai da kake karanta wannan, in ka iso wani shataletale ka ga allo an rubuta Gombe, ba ka cewa "Gom… be". Ko so kake kada ka karanta, ka riga ka karanta. Kusan duk kalmomin da babba ya saba da su sun zama haka a wajensa. Yaro kuwa yana farawa da biyar, ya kai ashirin, ya wuce ɗari.

Dalilin da ya sa aka damu da abin shi ne, hankalin yaro ba ya ɗaukar kaya biyu masu nauyi a lokaci guda. In duk ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa "ma-ka-ran-ta", kafin ya kai ƙarshen layi ya manta abin da ke farkonsa. Shi ya sa gwajin karatun 'yan firamare da ake kira EGRA yake ba yaro minti ɗaya a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai. Da aka yi shi a Bauchi da Sakkwato a 2013, yawancin 'yan aji biyu ko kalmar Hausa ɗaya ba su iya karantawa ba. Bayan nan ne littattafan Mu Karanta! suka shigo azuzuwan farko a jihohin biyu.

Katunan 'yar ƙanwata kuwa asalinsu Amurka ne. A 1936 wani malami, Edward Dolch, ya fitar da jerin kalmomi 220 da suka fi yawo a littattafan yara na Turanci. Turawa suna da uzurinsu. Rubutunsu ba ya cika alkawari: a rubuta "one" a ce "wan", a rubuta "said" a ce "sed". Yaron da ya bi sautin haruffa kaɗai sai ya faɗa rami, don haka ake ware irin waɗannan a nuna masa inda suka murɗe.

Inda nake da ja shi ne a ɗauko wannan dabara ɗungurungum a ɗora wa Hausa. Rubutun boko na Hausa yana da gaskiya: baƙi da wasali su haɗu su ba da gaɓa, gaɓa da gaɓa su ba da kalma. Yaron da ya riƙe ka, ki, ku, ke, ko da 'yan'uwansu zai iya buɗe kalmar da bai taɓa gani ba. Sa shi haddar siffar "gida" kamar hoton akuya ɓata masa lokaci ne. Ya haɗa "gi" da "da" yau, ya sake gobe, ya ci karo da ita a labari jibi, ita da kanta za ta zauna. Masu bincike irin su Linnea Ehri sun nuna cewa ta haka kalma ke mannewa a ƙwaƙwalwa, wato ta ɗaure haruffa da sautinsu, har a Turancin ma. Mu kuwa wannan ba baƙo ba ne a wajenmu. A makarantar allo ba a ba yaro sura ya karanta da kansa sai ya bi ta babbaƙu, ya bi ta farfaru, ya koyi haɗa su.

Akwai abin da ke kama da karatu yana yaudarar iyaye. Ɗan shekara uku ya hango rumfar mai caji ya ce MTN, a yi ta murna. Ruwan ɗorawar ya gani. Rubuta masa haruffan uku da biro a bayan takarda, ka ga ya yi zuru. Haka ajin da malama ke nuna allo da tsumagiya yara hamsin suna amsawa da murya ɗaya: goma na gaba ne ke kallo, saura waƙa suke bi. Gwajin ba wuya. Gauraya katunan, ko ka sa yatsa a kalmar ƙarshe ka dawo da baya.

Hausa ma tana da nata tarko, kada a ce na wanke ta tas. Ƙananan kalmomin nan, da, na, ta, ya, ne, ce, sai, ba, su ne suka cika kowane shafi, kuma su ya kamata su fara zama na kallo ɗaya. Ga haruffa masu lanƙwasa: "kafa" daban, "ƙafa" daban, "da" ba "ɗa" ba ne. Sannan rubutunmu ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya. "Gari" na Bauchi da "gari" na tuwo fuskarsu ɗaya. "Wuya" da ake rataya sarƙa da "wuya" da ake sha, haka. A kati tsirara ba mai raba su, sai jimla. Don haka kalma uku zuwa biyar a mako sun isa, a faɗa, a rubuta da gawayi ko a ƙasa da tsinke, sannan a nemo ta cikin ɗan gajeren labari.

Da yammacin ranar na juya ɗaya daga katunan, na rubuta "baƙi" a bayansa. Ta bi shi gaɓa-gaɓa, ta faɗa da gajeren wasali, ta nuna takalmin makarantarta. Na ƙara "sun zo" a gaba. Ta yi shiru tana kallo, ta sake faɗa da jan murya, sannan ta leƙa zaure ta ce, "Kawu, su waye?"