Tarin huka na iya kwanciya a jikinka ba ka sani ba

Salam ƴan uwa mutanen Damagaram. Akwai abin da kullum muke fama da shi a CSI, wato ƙaramar asibitin unguwa ko ta ƙauye, in aka gano mutum ɗaya da tarin huka muka ce a kawo sauran ƴan gidan a duba su, sai maigida ya ce ai lokotoro su lahiyarsu lau, ba mai tari. Alhaji don Allah ka saurara, rashin tari ba shi ne rashin ƙwayar ba.

Ƙwayar nan tana shiga jiki ta yi lamo shekara da shekaru, mutum na cin tuwonsa yana zuwa Kasuwar Dole yana dawowa, ba zazzaɓi ba rama ba zufar dare, kuma ba ya sa wa kowa. OMS, hukumar lahiya ta duniya, ta ƙiyasta kusan mutum 1 cikin 4 a duniya ya ɗauke ta, kuma kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na waɗannan wata rana za ta tashi musu ta zama ciwo, galibi in jiki ya yi rauni, sida ko ciwon suga ko tamowa.

To yaya za a gan ta tunda ba kakin da za a auna? Akwai tsohuwar allurar nan ta ƙarƙashin fatar hannu, sai ka dawo bayan awa 48 zuwa 72 a auna kumburin, nan kuwa ake samun cikas, wanda ya taso daga ƙauyukan Mirriah ko Tanout ya biya kuɗin mota sau da yawa ba ya sake dawowa. Ga kuma BCG, allurar rigakafin tarin huka da aka yi mana muna jarirai, mai tabon nan a hannu, tana iya ruɗa sakamakon. Shi gwajin jini irin su QuantiFERON zuwa ɗaya ne, a ɗebi jini kaɗan a ƴan kwalabe, a labo a haɗa shi da sinadaran ƙwayar a ga ko garkuwar jikinka ta taɓa gamuwa da ita, kuma BCG ba ruwanta da shi. Sai dai gaskiya yana da tsada, yana son labo mai kayan aiki, ba ko'ina ake samun sa ba.

In ya nuna akwai, don girman Allah kar a ware wa mutum kwano, kar a fasa aurensa, wannan abin yana min ciwo ƙwarai. Gwajin shi kaɗai ba ya bambance mai kwance da wadda ta tashi, sai an yi radiyon ƙirji, in da tari a auna kaki. In ba ciwon sai magani na rigakafi, isoniazid kullum har wata 6, ko wanda ake sha sau ɗaya a mako wata 3, sau 12 kenan, shi yana sa fitsari ya yi ja-ja kar ku tsorata.

Yara ƴan ƙasa da shekara 5 da ke gida ɗaya da mai tarin, da masu sida, su ba sai an jira gwajin ba ma, da an tabbatar ciwon bai tashi ba ake fara musu. Iyaye mata yaran da ke kwana ɗaki ɗaya da mai tarin su za ku fara kawowa, har na goye.