Waiwaye: Yadda aka kai ga maganin cutar Parkinson

A 1817 wani likita a Landan, James Parkinson, ya wallafa bayani kan mutum shida masu makyarkyatar hannu da tafiya a sunkuye da gajeren taku. Uku daga cikinsu a titi kawai ya ci karo da su. Bayan fiye da shekara hamsin, Jean-Martin Charcot na Faris ya raɗa wa cutar sunan Parkinson, ya kuma lura cewa ba ƙarfi ne ke ƙarewa ba: jiki ne ke sandarewa, motsi ya yi nawa. Wasu ma hannunsu ba ya rawa ko kaɗan.

Gano musabbabi ya ɗauki lokaci. A 1919 aka nuna cewa wani baƙin sashe can cikin ƙwaƙwalwa yana koɗewa a jikin masu cutar. A 1957 Arvid Carlsson na Suwidin ya bai wa zomayen da wani magani ya sandarar wani sinadari mai suna levodopa, suka miƙe suna motsi. A 1960 Oleh Hornykiewicz ya tabbatar a Biyana, babban birnin Ostiriya, cewa dopamin, sinadarin da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa sarrafa motsi, shi ne ya yi ƙaranci a ƙwaƙwalwar waɗanda suka rasu da cutar.

Dopamin ba ya iya ratsawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa, amma levodopa na ratsawa, a can ya rikiɗe ya zama dopamin. Matsalar farko ita ce levodopa na sa amai, sai George Cotzias a 1967 ya nuna a riƙa ƙara adadin sannu a hankali. Daga baya aka haɗa shi da carbidopa, wanda ke hana shi rikiɗewa tun bai isa ba.

Har yau levodopa ne gaba da sauran magunguna, amma ba ya hana ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ci gaba da mutuwa. Bayan wasu shekaru aikinsa kan ƙare kafin lokacin sha na gaba, ko ya jawo murɗe-murɗen jiki ba da son mutum ba. Nama da wake da madara kan rage shigarsa, shi ya sa ake sha kamar rabin awa kafin cin abinci. Daina shi kwatsam haɗari ne, kuma magungunan amai irin su metoclopramide suna tsananta cutar.

Ƙwayar ƙarara, wannan mai ƙaiƙayi, tana ɗauke da levodopa, har an gwada ta a Gana saboda tsadar magani. Sai dai adadin da ke cikinta ba ya tsayawa ɗaya, ba abin da za a sha da ka ba ne.